Yaron da aka ce madara ba ta karɓe shi ba: ina bincike ya kwana?

Ma'aikaciyar Awo, Ƙauran Namoda:

Assalamu alaikum likitoci da ma'aikatan lafiya na wannan zaure. Tambayata a kan yaran da iyaye ke kawowa suna cewa madara ba ta karɓe su ba. Ƙorafin kala-kala ne. Wannan tumbuɗi, wancan zawo tun da aka sa shi a madarar gwangwani, wani ƙuraje a kumatu, wani kuma ɗigon jini a kashi alhali yana wasansa yana shan nono lafiya lau. Abin da ake yayi yanzu shi ne a ce wa uwa ta bar fura da nono, ta bar man shanu, a raba yaron da duk abin da madara ta taɓa. Wasu kuma su koma nonon akuya, wai ya fi sauƙi a ciki.

Damuwata ita ce da yawa cikin yaran nan awon damtsensu yana gab da ja, wato alamar tamowa mai tsanani, kuma abincin tamowar da ake rabawa shi kansa da garin madara aka haɗa shi. To me binciken shekarun nan ke cewa game da alajin madarar shanu a yara? Yaya yawansa yake a gaskiya? Yaya za mu rarrabe shi da zawon da muka saba gani a inda babu ɗakin gwaji? In kuma ya tabbata, me za a ba yaro a ƙauye, har zuwa yaushe? Allah ya saka da alheri.

Likitan Yara, Gusau:

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Cuta uku ce ake kira da suna ɗaya, kuma hanyar kowacce daban.

Akwai alaji na nan take. Garkuwar jikin yaro ce ke ɗaukar furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba, ta ƙera masa sinadarin da ake kira IgE. Alamunsa kan fito cikin mintuna, da wuya su wuce awa 2: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, tari, shaƙewar murya, ƙirji yana fito. Kuma duk ranar da aka ba shi sai abin ya dawo. Wannan dawowar ita ce babbar shaida. Yaron da ya saba shan madara kullum lafiya, yau ya tashi da borin jini, a nemi dalili a wani wurin.

Akwai kuma mai jinkiri, wanda ke ɗaukar awa 2 zuwa kwana 3, kuma galibi a hanji yake nunawa. Mafi sauƙinsa shi ne jini da majina a kashin jariri mai ƙoshin lafiya. Mafi tsananinsa amai ne babu ƙaƙƙautawa awa 1 zuwa 4 bayan an sha, yaro ya yi fari ya langaɓe, har a ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga jini. A ƙara masa ruwa ya warware tsaf, a koma gida a sake ba shi madarar, a sake kwaso shi. In kika ga an kwantar da yaro sau biyu a irin wannan yanayi babu zazzaɓi, ki tambayi abin da ya sha kafin aman ya fara.

Ta ukun ba alaji ba ce ko kaɗan, ita ce kuma muka fi gani. Madara tana da sukari mai suna laktos, sinadarin da ke narkar da shi kuma a saman fatar hanji yake zaune. Zawo mai tsanani ko tamowa kan goge wannan fatar, sai sukarin ya wuce bai narke ba ya je ya ruɓe a babban hanji. Sakamakon shi ne kumburin ciki, tusa, kashi ruwa-ruwa mai kumfa da warin tsami, da jan ɗuwawu. Hanjin kan gyara kansa cikin 'yan makonni. Nonon uwa ma ya fi na saniya laktos, kusan giram 7 a kowane mililita 100, na saniya bai kai 5 ba, amma duk da haka ba a dakatar da shayarwa. Ruwan gishiri da sukari, zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono.

Shi kuwa yaron da zawo ya kama bayan an fara madarar gwangwani, kafin a zargi madarar a duba ruwan da ake damawa da shi, da fidar da ake ba shi, da awon. Yawancin madarar jarirai cokalin cikin gwangwani ɗaya ne a ruwa mililita 30. Mai cika cokali ya yi tozo yana jawo zawo da ƙishirwa, mai tsarma ta don ta kai ƙarshen wata yana jawo rama. Ragowar da ta yi awa biyu a zafin Zamfara ta lalace, a zubar.

Jini a kashi yana buƙatar natsuwa. A fara buɗe ɗuwawun yaro a duba tsagewar dubura. A tambayi zazzaɓi saboda atuni. Kuka mai zuwa yana lafawa, yaro yana naɗe ƙafafu, da amai da kashi ja mai yauƙi, wannan hanji ne ya shige cikin ɗan'uwansa, a tura shi asibitin da ake tiyata a ranar. Jaririn da aka haifa a gida bai samu allurar bitamin K ba, yana tsakanin mako 2 zuwa 12, jininsa na iya zama rashin daskarewa ne, kuma kan iya zuba a ƙwaƙwalwa. Sai an kawar da waɗannan ake maganar madara. A ƙasar Finland an bi jarirai 40 masu jini a kashi, aka wallafa a 2006, waɗanda alajin madara ya tabbata a kansu kashi 18 cikin 100 ne kacal.

Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi ba ya buƙatar na'ura, a cire ne sannan a mayar. A auna nauyin yaro, a rubuta alamun da ake ƙorafi a kansu ɗaya bayan ɗaya, a cire madarar shanu gaba ɗaya na mako 2 zuwa 4. In babu sauyi, ba madara ba ce, a mayar da ita a nemi cutar gaskiya. In an samu sauƙi, dole ne a mayar a gani, domin tumbuɗi da kukan yamma da ma da kansu suke wucewa yayin da jariri ke girma. Uwa mai shayarwa ta koma shan nonon shanu yadda ta saba cikin mako guda. Mai shan gwangwani kuma a fara da mililita 30 na tsohuwar madarar a cikin shan safe, a riƙa ƙara 30 kullum har kwana 7. Alamun suka dawo, ya tabbata. Wannan mataki na biyun shi ake tsallakewa, shi ya sa yara ke shekara ba madara a kan zato kawai.

Sharaɗi guda: mayarwa a gida na masu alamun jinkiri marasa tsanani ne. Wanda ya taɓa kumbura, ko numfashinsa ya sarƙe, ko ya yi aman da ya langaɓar da shi, a asibiti ake gwada shi, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Gusau ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Can ana farawa da ɗigo, mililita 0.1, sai 0.3, 1, 3, 10, 30, har 100, da tazarar rabin awa, allurar adirenalin tana kan tebur.

Malamin Lafiyar Al'umma:

Likita ya gama da ɓangaren ganewa. Ni bari in taɓa inda binciken ya karkata, don ya juya sosai cikin shekara ashirin.

A da, koyarwar ita ce a nisanta yaro da madara, a jinkirta ƙwai da gyaɗa, a sa uwa ta yi ta ƙauracewa abinci. Abin da ya fara rusa wannan shi ne ƙidaya ta gaskiya. Binciken EuroPrevall ya bi jarirai sama da 12,000 a ƙasashen Turai 9, duk wanda aka zarga aka ba shi madara a asibiti ba tare da uwa ko likita sun san ko ita ce a kofin ba. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna kashi 0.54 cikin 100 ne ke da shi, wato kusan yaro ɗaya cikin 200. Bayan shekara guda da ganowa, kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka sake gwadawa sun koma shan madara lafiya. A Afirka ta Kudu, binciken SAFFA da aka wallafa a 2019 ya samu alajin abinci kowane iri a kashi 2.5 na yaran birnin Cape Town, na karkara kuwa 0.5, madara kuma tana can ƙasan jerin, ƙwai da gyaɗa ne a sama.

Ki haɗa wannan da abin da ya faru a Ingila. Daga 2006 zuwa 2016 rubuta madarar musamman ta masu alaji ya tashi daga kusan 105,000 zuwa sama da 600,000 a shekara, kuɗin da hukumar lafiyarsu ke kashewa ya tashi daga fam miliyan 8 zuwa sama da miliyan 60, alhali babu shaidar cewa cutar ta ƙaru haka. Mujallar likitocin Birtaniya ta fito da maganar a 2018, ta nuna yadda kamfanonin madara ke da hannu wajen ɗaukar nauyin horar da ma'aikata da masu rubuta ƙa'idojin ganewa. Da aka ɗauki jerin alamun da ɗaya daga cikin ƙa'idojin ya lissafa aka auna shi a kan jarirai sama da dubu, kusan uku cikin huɗu sun nuna alama biyu ko fiye a wani wata kafin su cika shekara. Jerin da ya kama kashi uku cikin huɗu na yara ba zai iya ware ɗaya cikin 200 ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don irin waɗannan jerin su ne ke yawo a Facebook da WhatsApp, iyaye mata a Gusau suna karantawa suna tsorata da nonon jikinsu.

Game da hana uwa fura da nono, nazarin da aka wallafa a 2020 ya lissafa furotin ɗin shanu da ke tsallakawa cikin nonon uwa, ya samu ɗan mitsitsi ne, bai isa ya tayar da alaji ba a sama da kashi 99 cikin 100 na jariran da cutar ta tabbata a kansu. Don haka yaron da sai da aka ba shi gwangwani ya nuna alama, a cire gwangwanin, uwa ta ci abincinta. Ana taɓa abincin uwa ne kawai in alamun sun fito yaro yana kan nono zalla, shi ma na mako 2 zuwa 4 ne a gwada.

Ɓangaren rigakafi ne ya fi ɗaukar hankalina, kuma daga Japan aka samu gwaji biyu masu kamar suna karo da juna. Na 2019 ya nuna jariran da ba a ɗanɗana musu madarar shanu ba a kwana 3 na farko sun fi tsira: a shekara 2, kashi 17 ne jininsu ya nuna garkuwa ta yi wa madara tambari, waɗanda aka ba tun ranar farko kuwa kashi 32. Na 2021 kuma ya nuna waɗanda aka riƙa ba aƙalla mililita 10 kullum tsakanin wata 1 da wata 3, kashi 0.8 ne suka kamu, waɗanda aka hana 6.8. In an haɗa su, abin da ke fitowa shi ne mafi muni a ba jariri madara a kwanakin farko sannan a yanke na tsawon watanni, jiki ya san ta bai saba da ita ba. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake yi a gidaje da yawa a nan: a matse dakashi a zubar wai ba shi da kyau, a riƙa ɗura wa jariri madarar shanu ko ta akuya kafin nono ya kawo, daga baya a daina. Ƙungiyar masana alaji ta Turai tun 2021 ta ce a guji ƙara wa mai shan nono madarar shanu a makon farko. Gwajin na biyu kuwa ba na ganin namu ne. An yi shi a inda ruwan famfo ke da tsabta. A nan, fida a wata na biyu zawon da za ta jawo ya fi alajin da za ta hana kisa nesa ba kusa ba. Namu shi ne dakashi cikin awa ta farko, nono zalla wata 6, sannan in an fara abinci mai madara a ɗore da shi, kar a yi ta yankewa.

Sauran fagagen a taƙaice. Madarar da aka ɗan farfasa furotin ɗinta, wadda aka daɗe ana tallatawa a matsayin rigakafi, nazarin 2016 da ya tattara gwaje-gwajen bai samu hujja tsayayya ba. Ƙwayoyin halittar hanji ana kan aiki a kansu: a Jami'ar Chicago an dasa wa ɓeraye ƙwayoyin kashin jarirai masu lafiya sai suka tsira daga alajin madara, waɗanda aka dasa wa na masu cutar ba su tsira ba, an wallafa a 2019. Daga ɓera zuwa magani akwai tafiya, kar a sayi garin ƙwayoyi mai tsada a kan wannan. Horar da jiki ta hanyar ba yaro madara ƙwaya-ƙwaya ana ƙarawa kullum yana aiki ga wasu, amma yana ƙara yawan faɗuwa cikin alaji mai tsanani, aikin cibiyoyi na musamman ne. A Fabrairun 2024 Amurka ta amince da allurar omalizumab ga masu alajin abinci daga shekara 1, ana yi duk mako 2 ko 4, tana rage haɗarin cin abu bisa kuskure, ba ta warkarwa, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka.

Ma'aikaciyar Awo, Ƙauran Namoda:

Na gode Likita, na gode Malam. Saura biyu ba a taɓa ba. Nonon akuya da na raƙumi fa? Sai kuma yaro mai tamowa wanda uwarsa ta ce madara ba ta karɓarsa, mu ba shi abincin tamowar ko mu hana?

Hajiya Mai Ilimin Abinci, Talatar Mafara:

Ƙanwata, nonon akuya ki cire shi daga lissafi. Kusan kashi 80 na furotin ɗin madarar shanu kesin ne, na akuya da na tunkiya kuma kusan iri ɗaya ne da shi, garkuwar jiki ba ta bambancewa. A Italiya an gwada yara 26 masu alajin madarar shanu da nonon akuya, 24 suka nuna alama. Ga shi kuma ba shi da isasshen folik asid, jaririn da aka raina da shi zalla kan yi ƙarancin jini. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Nonon raƙumi ya ɗan bambanta, akwai guda cikin manyan furotin ɗin da ke tayar da alajin da babu shi a ciki, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yara da dama na jure shi. Amma ba abincin jariri ɗan ƙasa da shekara ba ne, ba a fara shi a gida ga mai alajin nan take, kuma sai an tafasa. Ɗanyen nonon dabba kowane iri yana iya ɗauko tarin fuka da cutar da ke sa shanu ɓari.

Kindirmo, nonon fura, cuku, man shanu, alewar madara, duk suna ɗauke da furotin ɗin. Tsami yana rage laktos ne kawai. Shi ya sa yaron da kindirmo ke zauna masa amma madara ke kumbura masa ciki ya fi kama da mai matsalar laktos. A kanti kuma a koya wa iyaye kalmomin da za su nema a bayan leda: milk, whey, casein, butter. Cerelac mai madara, Milo, yawancin biskit da burodin da ake sa wa madara duk suna ciki. Madarar gari ta leda da aka musanya kitsenta da man ganye furotin ɗinta na shanu ne. Haka ma madarar jarirai da aka rubuta babu laktos, da mai tambarin HA (wadda aka ɗan farfasa furotin ɗinta), ba su dace da mai alaji ba, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi.

Me za a ba shi? Ƙasa da wata 6, nonon uwa. In ya ragu a dawo da shi ta yawan sa yaro a mama dare da rana, sau 8 zuwa 12, yana dawowa ko da an yi makonni. In uwa ta rasu, mai shayarwa daga dangi wadda aka yi wa gwajin HIV ta fi kowane gwangwani, sai dai dangi su riƙe maganar saboda hukuncin aure a gaba. In duk babu, madarar da aka farfasa furotin ɗinta sosai ce ta farko, mai tsanani kuma ta amino asid. Suna da tsada, samunsu sai manyan birane. Madarar jarirai ta waken suya ta fi araha, ta dace daga wata 6, duk da cewa kusan ɗaya cikin goma na masu alajin nan take ita ma ba ta karɓarsu. Madarar waken suya da ake tacewa a gida da kunun aya ba sa maye gurbin nono ga ɗan ƙasa da shekara. Kunun aya kusan ruwa da sukari ne, yaron da aka dogara masa da shi zai kumbura.

Daga wata 6 a ci gaba da nono har shekara 2, a gina kunun da gero, waken suya da aka soya aka cire ɓawo, da gyaɗa, a sa cokalin mai, a ba shi ƙwai, hanta, kifi, wake. Kar a cire ƙwai da gyaɗa don tsoro, jinkirta su ba ya kare yaro. Abin da ke saurin faɗuwa in an cire madara shi ne kalsiyam. Ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar kusan miligiram 700 a rana, kofi ɗaya na madara yana ba da wajen 300. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna lanƙwasar ƙafa a yaran Najeriya galibi rashin kalsiyam ne, ba rashin rana ba. A daka ƙananan busassun kifi da ƙayarsu a zuba a miya, a yawaita kuka, zogale da riɗi. Awarar da aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya tana da furotin, amma kalsiyam ɗinta bai kai wadda aka daskarar da gishirin kalsiyam ba, kar a dogara da ita. Uwar da aka cire wa madara a ba ta kalsiyam miligiram 1,000 a rana da bitamin D.

Mai tamowa kuwa, a ba shi. Damtse ƙasa da santimita 11.5 haɗarin mutuwa ne na yanzu, alajin kuwa ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Ki yi wa uwar tambaya uku: me ya faru, bayan minti nawa, sau nawa ya maimaita? In amsar zawo ce ko kumburin ciki, a yi gwajin cin abincin a gabanki yadda aka saba, ki riƙe su awa guda kina kallo. Sakin ciki a kwanakin farko na abincin tamowa ko F-75 (madarar da ake fara ba mai tamowa da aka kwantar) sananne ne, hanjin da ya daɗe da yunwa ne ke farfaɗowa, a ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. In kuwa ta ce leɓensa ya kumbura ko numfashi ya sarƙe bayan madara ko gyaɗa, kar a buɗe ledar, a tura shi cibiyar da ake kwantarwa. A Malawi an gwada abincin tamowa marar madara na waken suya da masara da dawa, sakamakon 2017 ya yi kyau, amma wanda ke hannunmu mai madara da gyaɗa ne.

Nas ta Sashen Gaggawa, Gusau:

Malam, ina tare da kai cewa ana yawan zargin madara a banza, amma ina tsoron ma'aikata su karanta "ɗaya cikin 200" su saki jiki. Ɗayan nan yana iya mutuwa cikin minti goma sha biyar. A Birtaniya, da aka duba mace-macen alajin abinci har zuwa 2018, madarar shanu ce ta fi kashe yara 'yan makaranta, kusan ɗaya cikin huɗu.

Yaro ya sha madara, sai shaƙewar murya, ƙirji yana fito, tari ba tsayawa, ko ya langaɓe, ko da babu borin jini, adirenalin ne farko. Kwalbar da ke ɗakunanmu miligiram 1 ce a mililita 1. Awon shi ne mililita 0.01 a kowane kilo: mai kilo 10 mililita 0.1, mai kilo 15 mililita 0.15, yaro ba ya wuce 0.3. A ja da sirinji mai mililita 1, don a babban sirinji ba a ganin wannan awon. A soka a tsokar cinya ta gefen waje, tsakiya. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, in numfashi ne ya fi damunsa a jingina shi a jikin uwa, amma kar a miƙar da shi tsaye ko a saɓa shi a kafaɗa a ruga, jini na iya faɗuwa gaba ɗaya. Minti 5 babu sauƙi, a maimaita.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da haidirokotison da firiton a zauna jira. Firiton ƙaiƙayi yake ragewa, haidirokotison sai bayan awanni yake aiki, babu mai buɗe maƙogwaro a cikinsu. Na biyu shi ne tura adirenalin ɗin kai tsaye a jijiya ba a tsarma ba, wannan kan hargitsa bugun zuciya. Bayan ya farfaɗo a riƙe shi awa 6 zuwa 12, don abin kan dawo zagaye na biyu. Ki duba kwalaben da ke akwatin rigakafinku yau, Malama. In ruwan ya koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ko kwanan wata ya wuce, a canza, a ajiye nesa da rana.

Likitan Yara, Gusau:

Gaskiyarki Sista. Saura tambayar "har zuwa yaushe". In ya tabbata, a cire na aƙalla wata 6, ko har yaro ya kai wata 9 zuwa 12, sannan a fara dawo da ita hawa-hawa. Tushen wannan binciken New York ne na 2008, inda yara 75 cikin 100 masu alajin madara suka ci kek mai madara lafiya. Gashi a zafin digiri 180 na rabin awa yana sauya surar wasu furotin ɗin, fulawa kuma tana riƙe sauran. Tafasa madara a tukunya ba ta yin wannan aikin, don kesin ba ya jin zafi, saboda haka kar a ce an dafa ta ai.

Ga masu alamun jinkiri, a gida: biskit mai madara, a fara da ɗan gutsure a kai ga guda, sai kek, sai wainar fulawa da aka kwaɓa da madara, sai cuku, sai kindirmo, tafasasshiyar madara a ƙarshe. Kowane hawa a yi kwanaki a kai, da safe, ranar da yaro ba ya zazzaɓi ko zawo. Alama ta dawo, a koma hawan da ya zauna masa a ci gaba da ba shi, a sake gwadawa bayan wata biyu ko uku. Mai alajin nan take ko mai asma, hawan farko ma a asibiti.

Sai ƙurajen kumatun da kika ambata. A duba ƙazuwa da ƙurajen zafi tukuna. In busasshiyar fata ce mai ƙaiƙayi, a yi mata magani da man shafawa kafin a taɓa abinci, yawancinsu nan suke warkewa. Kuma a hana shafa man shanu a kan fatar da ta tsattsage, don bincike na nuna ta irin wannan fatar garkuwar jiki ke fara sanin furotin ɗin abinci a matsayin abokin gaba. Basilin marar turare ya wadatar, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan wanka da lokacin hunturu.